Idan Ɗan Sanda Ya Ji Rauni a Gidan Wanda Ya Kira Shi

A watan Janairun 2007, a garin Casselberry da ke jihar Fulorida ta Amurka, wani yaro ɗan shekara ɗaya ya sulale daga idon manya ya faɗa cikin kwamin ninƙaya da ke bayan gidansu. Aka tsamo shi ba ya numfashi, aka shiga da shi cikin gida a guje ruwa na ɗiga daga jikinsa, aka buga lambar neman agajin gaggawa. Cikin waɗanda suka amsa kiran har da wata sajan ta 'yan sanda, wadda ta taka ruwan da ya zuba a ƙasa, santsi ya kwashe ta, ta karye a gwiwa, ta yi kusan wata biyu ba ta je aiki ba. An ceto ran yaron, amma ƙwaƙwalwarsa ta taɓu har ya zama ba ya tafiya, ba ya magana, ba ya ma iya haɗiyar abinci. A watan Oktoba na wannan shekara sai ga sammaci ya iso gidan, sajan ɗin ta maka uwar yaron da kakanninsa a kotu tana neman diyya, bisa hujjar cewa sakaci ne su bar ruwa a ƙasa inda masu kai ɗauki za su bi. Da labarin ya fita a jaridu ƙura ta tashi, jama'a suka yi ta Allah wadai, cikin 'yan kwanaki ta janye ƙarar, kuma daga baya hukumar 'yan sandan garin ta sallame ta daga aiki.

Duk wanda ya ji wannan labari zai ce ƙara ce da ba ta da tushe balle makama, kuma a ma'aunin kunya da sanin ya kamata gaskiyarsa ce. Sai dai a ma'aunin doka abin ba haka yake ba. Tun 1990 majalisar dokokin Fulorida ta yi dokar da ta ba ɗan sanda da ɗan kwana-kwana damar kai ƙarar mai gida idan suka ji rauni a gidansa saboda sakacinsa, daidai da yadda baƙon da aka gayyata zai iya yi. A kotunan Amurka, ƙarar da ake kira marar tushe ita ce wadda ba dokar da ta tallafe ta ko ba hujjar da za ta tsaya a kanta, ko wadda aka shigar don cin zarafi da ɓata lokaci kawai. Sashe na 11 na ƙa'idojin shari'ar farar hula a kotunan tarayya ya mayar da sa hannun lauya a kan takardar ƙara tamkar shaida ce cewa ya bincika ya ga tana da madafa, ya kuma ba alƙali ikon hukunta shi idan ba haka ba ne, ko da yake tun gyaran 1993 ana ba shi kwana 21 ya janye takardar kafin maganar ta kai gaban alƙali. Jihohi ma suna da irin wannan tanadi. Ƙarar sajan ɗin da wuya ta faɗa cikin wannan rukuni, domin akwai ruwa a ƙasa, akwai karaya, akwai dokar da ta buɗe mata ƙofa. Fushin jama'a ne ya kashe ƙarar, alƙali bai ma kai ga duba ta ba. Wannan tazara tsakanin abin da doka ta halatta da abin da zuciyar mutane ta karɓa ita ce asalin gardamar da Amurkawa suka fi shekara ɗari suna yi.

A da can amsar kotuna a taƙaice take. A 1892 kotun ƙolin jihar Illinois, a shari'ar Gibson da Leonard, ta ƙi ba da diyya ga wani ma'aikacin kashe gobara da na'urar hawa bene ta ji wa rauni a ginin da ke cin wuta, tana mai cewa shi ba gayyatar mai gini ce ta kawo shi ba, doka ce ta ba shi izinin shiga, don haka ya karɓi wurin a yadda ya same shi. Daga nan aka samu abin da lauyoyi ke kira ƙa'idar 'yan kwana-kwana, wadda daga baya aka shimfiɗa ta a kan 'yan sanda. Hujjar farko ta dogara ne ga matsayin mutum a filin wani, amma da tafiya ta yi tafiya kotuna suka sake mata tushe. A 1960, a shari'ar Krauth da Geller, kotun ƙolin New Jersey ta bayyana cewa ma'aikacin da aka ɗauka don tunkarar haɗari ba zai dawo ya yi ƙorafi a kan sakacin da ya haddasa wannan haɗari ba, tun da yawancin gobara daga sakaci take tashi, kuma da ba don ita ba da babu dalilin ɗaukarsa aiki. Kotun ƙolin Kalifoniya ta bi wannan sawu a 1977 a shari'ar Walters da Sloan, inda wasu iyaye suka bar gida a hannun 'yarsu mai shekara 16, ta tara mutum kusan 200 ana shan giya, aka kira 'yan sanda, ɗaya daga cikinsu ya ji rauni garin kama wani yaro da ya bugu. Kotun ta ce babu diyya, domin rikicin da ya ji masa rauni shi ne dai rikicin da aka kira shi ya kwantar.

Dalilan da ake kafawa a bayan wannan ƙa'ida ba duka ne ƙarfinsu ya zo ɗaya ba. Ana cewa wanda ya sa kaki ya san abin da ya shiga, ya karɓi haɗarin da idonsa biyu, an horar da shi, ana kuma biyansa albashi a kai. Ana cewa kuma al'umma ta riga ta biya ta hanyar haraji: akwai tsarin biyan ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, wanda jihohin Amurka suka fara kafawa tun 1911, akwai fansho na naƙasa, akwai kuɗin da gwamnatin tarayya ke ba iyalan jami'in da ya mutu a bakin aiki a ƙarƙashin dokar 1976, wanda ya fara daga dala 50,000 yanzu kuma ya haura dala 400,000. Wasu jihohin ma sun fifita 'yan sanda a kan sauran ma'aikata. A Kalifoniya jami'in da ya ji rauni yana karɓar cikakken albashinsa har tsawon shekara guda, alhali ma'aikaci gama-gari yakan samu kusan kashi biyu bisa uku ne kawai. Idan aka bar jami'in ya sake bin mai gida da ƙara, to mai gidan ya biya sau biyu ke nan.

Dalilin da ya fi waɗannan nauyi a ganina shi ne na uku, wato kada a sa wa mutane shakkar neman taimako. Tsarin agajin gaggawa gaba ɗayansa ya ginu ne a kan cewa mutumin da ke cikin tashin hankali zai ɗaga waya ba tare da lissafi ba. Matar da mijinta ke duka, dattijon da ya manta tukunya a kan wuta, mai shagon da ya ji motsi da tsakar dare, babu ɗayansu da gidansa ke a shirye don karɓar baƙi a wannan lokaci, kuma da yawansu suna da hannu, kaɗan ko da yawa, a cikin abin da ya same su. Idan kowannensu zai tsaya tunanin cewa wanda zai zo cetonsa yana iya zama mai ƙararsa gobe, minti biyu ko uku na jinkiri sun isa wuta ta tsallaka gidan maƙwabci. Masu sukar wannan hujja suna cewa mutumin da gidansa ke ci da wuta ba ya tuna lauya, kuma da gaskiyarsu a irin wannan yanayi. Amma yawancin kiran da ake yi wa 'yan sanda ba na gobara ba ne, na shakka ne: ƙararrawa ta yi kuka, an ga wani yana leƙe-leƙe, maƙwabta suna hayaniya. A irin waɗannan ne mutum yake da sararin cewa bari dai in haƙura, kuma a nan ne tsoron ƙara zai yi aikinsa.

Duk da haka, ƙa'idar tana da ɓaraka babba, kuma 'yan sanda ba su yi ƙarya ba da suka ce an ware su an yi musu rashin adalci. Tun 1921 alƙali Benjamin Cardozo na New York ya kafa cewa haɗari shi ke kiran mai ceto, saboda haka wanda sakacinsa ya jefa wani cikin haɗari yana da alhakin raunin wanda ya zo ceto. Ma'ana, idan mai wucewa ya shiga gidan da ke cin wuta ya ƙone, yana da haƙƙin neman diyya, amma jami'in da ya shiga tare da shi ba shi da shi. Mai kai wasiƙa, da mai karanta mitar lantarki, da jami'in duba gine-gine duk ma'aikata ne da ake biya, duk suna da tsarin kula da raunin aiki, amma ba wanda ya hana su ƙarar mai gidan da matattakalarsa ta rufta da su. Sannan kuɗin da tsarin ma'aikata ke biya na magani ne da wani kaso na albashi. Ba ya biyan raɗaɗi, ba ya biyan gwiwar da za ta yi ta ciwo har tsufa, ba ya biyan ƙarin girman da mutum ya rasa saboda an mayar da shi aikin tebur. Hujjar biyan kuɗi sau biyu ita ma tana da rauni, tun da harajin da mai sakaci ya biya bai fi na maƙwabcinsa mai kiyayewa ba, ga shi kuma an ɗora wa kowa asarar da mutum ɗaya ya jawo.

Saboda haka jihohi suka fara warware abin da kotunansu suka tufka. Oregon ta soke ƙa'idar a 1984 ta bakin kotun ƙolinta. A New York, bayan kotu ta shimfiɗa ta a kan 'yan sanda a 1988, majalisa ta mayar da martani da doka a 1989, ta ƙara faɗaɗa ta a 1996 har jami'i ya samu damar ƙarar kowa ban da hukumar da yake yi wa aiki da abokan aikinsa. Labarin New Jersey ya fi jan hankali, domin ya yi kama da na Fulorida kamar an tsaga kara. A 1991 kotun ƙolin jihar ta yanke hukunci a kan wani ɗan sanda da aka kira wani shagon Dunkin' Donuts don taimakon ma'aikaciyar da ta suma, yana ɗauke da ita a kan gadon ɗaukar marasa lafiya ya taka wani farin gari da ya zube a ɗakin girki ya zame. Kotun ta hana shi diyya. A 1993 majalisar jihar ta yi dokar da ta buɗe ƙofar, kuma a 2007 kotun ƙolin ta tabbatar da cewa ƙa'idar ta mutu a jihar. Waɗannan sauye-sauye ba daga sama suka faɗo ba, ƙungiyoyin 'yan sanda da na 'yan kwana-kwana suna da ƙarfin faɗa a ji a majalisun jihohi, kuma ɗan siyasa ba ya son a ce ya tsaya gaban jami'in da ya ji rauni. Yau abin ya zama kowace jiha da nata: wasu sun riƙe ƙa'idar, wasu sun yi mata togaciya da yawa, wasu sun jefar da ita.

Ingila ba ta taɓa karɓar ƙa'idar ba. A 1935, a shari'ar Haynes da Harwood, an ba wani ɗan sanda diyya bayan ya ruga daga caji ofis ya tare dawakan wani keken kaya da aka bari ba mai tsaro suka ɓalle a titin da ke cike da yara. A 1987 kuma, a shari'ar Ogwo da Taylor, Majalisar Dattawan Birtaniya (House of Lords), wadda a lokacin ita ce kotun ƙarshe, ta ba wani ɗan kwana-kwana gaskiya a kan mai gidan da ya tayar da gobara garin ƙone tsohon fenti da fitilar wuta a gefen rufinsa, ta kuma faɗa ƙarara cewa ƙa'idar Amurkawa ba ta da gurbi a dokar Ingila. Waɗannan shari'o'i biyu suna cikin abin da ɗaliban lauya ke karantawa a ƙasashen da suka gaji dokar Ingila, irin su Najeriya da Ghana. To amma rashin ƙa'idar bai hana irin wannan ƙura tashi a can ba. A watan Agustan 2012 wani mai gidan mai a garin Thetford na yankin Norfolk ya kira 'yan sanda da dare bisa zargin an fasa masa wuri. Jami'ar da ta zo ta yi tuntuɓe da dakalin gefen hanya ta faɗi, ta ji ciwo a ƙafa da wuyan hannu. Bayan wata bakwai sai wasiƙar lauyoyi ta iso masa, ana zarginsa da rashin haska wurin da rashin gargaɗinta game da dakalin, kuma ƙungiyar 'yan sanda ce ke ɗaukar nauyin ƙarar. Shugaban 'yan sandan yankin ya fito ya nesanta rundunarsa daga lamarin, maganar ta kai har gaban Theresa May da ke ministar cikin gida a lokacin, kuma a cikin 2013 jami'ar ta janye.

A nan ne maganar alhakin mutum a kan kansa take da ƙarfi sosai. Dakalin gefen hanya ba tarko ba ne, abu ne da ke kowane titi, kuma jami'in da ya je farautar ɓarawo da dare ya san duhu yana cikin aikin, shi ya sa aka ba shi tocila. Dokar diyya ba ta manta da wannan ba: kusan ko'ina ana auna sakacin mai ƙara a rage masa diyya gwargwadon laifinsa, kuma a jihohi da dama idan kasonsa ya haura rabi ba ya samun komai, tsarin da Fulorida ma ta koma kansa a 2023. Ke nan da an kai irin waɗannan ƙararraki gaban alƙali, mai yiwuwa da yawansu su faɗi ko diyyar ta zama ba ta taka kara ta karya ba. Matsalar ita ce kafin a kai ga wannan hukunci an riga an yi ɓarna. Mai gidan man ya riga ya kwana da wasiƙar lauya a ƙarƙashin matashinsa, duk masu shaguna da suka karanta labarin kuma sun riga sun ɗauki darasin da ba a so su ɗauka.

Alƙalan Ingila da kansu sun taɓa nuna cewa abin da jama'a za su iya haɗiya yana da muhimmanci a shari'a. Bayan turmutsutsun filin wasa na Hillsborough a ranar 15 ga Afrilun 1989, wanda a ƙarshe ya ci ran mutum 97, 'yan uwan mamatan da suka nemi diyyar firgicin da ya taɓa musu hankali sun sha kaye a 1991. A 1996 aka sasanta da 'yan sanda 14 da suka shiga tsakiyar cunkoson a kan fam miliyan 1.2. Da sauran jami'an da suka yi aiki a filin ranar suka nemi nasu, Majalisar Dattawa ta hana su a 1998, kuma cikin dalilan da alƙalan suka bayyana har da cewa mutane ba za su ga adalci ba a ce 'yan sanda sun karɓi kuɗi alhali iyayen da suka rasa 'ya'yansu an sallame su hannu rabbana. Abin da ya ƙara wa maganar ɗaci shi ne kurakuran shugabannin 'yan sandan ne suka haddasa bala'in, kamar yadda binciken 2016 ya tabbatar.

Akwai wani ɓangare da mai kallo daga nesa ba ya gani, wato wanda ke biyan kuɗin a zahiri. Sunan mai gida ne a kan sammaci, amma aljihun da ake nufi na kamfanin inshora ne, domin inshorar gidaje da ta shaguna a Amurka takan haɗa da biyan diyyar wanda ya ji rauni a harabar, kuma kamfanin ne ke ɗaukar lauyan da zai kare mai gidan. Lauyan mai ƙara shi ma ba a biyansa sai an ci nasara, inda yakan ɗauki kusan kashi ɗaya bisa uku, sannan a tsarin Amurka wanda ya faɗi ƙara ba ya biyan lauyan abokin shari'arsa, don haka gwada sa'a ba ta da tsada. Ƙari a kan haka, kamfanin ko hukumar da ta biya kuɗin maganin jami'in tana da haƙƙin a mayar mata da kuɗinta daga duk abin da ya samo a kotu. Idan aka cire kason lauya aka cire na mai bin bashin magani, abin da ya rage wa jami'in yana iya zama kaɗan, ga shi kuma sunansa ne aka yi ta yawo da shi a jaridu: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan bai wanke wanda ya sa hannu a ƙarar iyalin da ke jinyar ɗansu ba, tun da ba wanda ya tilasta masa, amma yana nuna cewa zagin mutum ɗaya ba ya gyara tsarin da ya mayar da kowane tuntuɓe hanyar neman kuɗi tsakanin kamfanoni biyu.

Ko a jihohin da suka riƙe ƙa'idar, ba a taɓa cewa jinin ɗan sanda ya halatta ba. Wanda ya harbe shi ko ya banke shi da mota da gangan ba shi da mafaka, haka mai gidan da ya san akwai rami ko mugun kare a bayan gida ya ga jami'in ya nufi wurin bai ce uffan ba. Kalifoniya ta rubuta wannan a dokarta tun 1982, inda ta ce duk sakacin da mutum ya yi bayan ya san jami'in yana wurin, alhakinsa na kansa. Malaman fiƙihu sun daɗe da irin wannan rarrabewa tsakanin wanda ya aikata ɓarna da hannunsa da wanda ya zama sanadi kawai, inda na biyun ba ya biya sai in ya ƙetare iyaka, kamar mai haƙa rijiya a kan hanyar jama'a. Kiran alhakin mutum a kan kansa, idan da gaske ake yinsa, bai kamata ya tsaya a kan jami'in da ya zame kaɗai ba. Ya shafi direban da ya bugu ya afka wa motar sintiri a gefen titi, da mai ginin da ya toshe ƙofar fita don rage kashe kuɗi. Mai cewa ɗan sanda ya haƙura da duk abin da ya same shi saboda shi ya zaɓi aikin, ya yafe wa waɗannan mutane ne da bakin wani.

Ƙararrakin da suka fi wuyar warwarewa a 'yan shekarun nan su ne waɗanda siyasa ta shiga cikinsu. Bayan harin da aka kai ginin majalisar dokokin Amurka ranar 6 ga Janairun 2021, inda jami'ai kusan 140 suka ji rauni, biyu daga cikinsu sun kai ƙarar Donald Trump a watan Maris na wannan shekara, kuma a Disamban 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Washington ta ƙi amincewa da buƙatarsa ta a kori ƙarar bisa hujjar rigar kariyar shugaban ƙasa. A ɗaya gefen, a Yulin 2016, yayin zanga-zangar da ta biyo bayan kisan da 'yan sanda suka yi wa wani baƙar fata mai suna Alton Sterling a Baton Rouge na jihar Louisiana, wani da ba a taɓa gano shi ba ya jefi ɗan sanda da dutse ko guntun kankare a fuska, ya zubar masa da haƙora ya ji masa rauni a muƙamuƙi da kai. Jami'in bai san mai jifan ba, sai ya kai ƙarar DeRay Mckesson, ɗan gwagwarmayar da ake danganta shirya zanga-zangar da shi, yana cewa sakaci ne ya jagoranci mutane su tare babbar hanya alhali ya san za a yi arangama. Ƙarar ta yi shekaru tana kai-komo: kotun ɗaukaka ƙara ta ba ta hanya a 2019, kotun ƙolin tarayya ta mayar da ita a 2020, kotun ƙolin Louisiana ta ce a 2022 dokar jihar ta yarda da irinta kuma ƙa'idar 'yan kwana-kwana ba ta toshe ta ba, sannan a Yulin 2024 alƙalin kotun tarayya ta farko ya ba Mckesson gaskiya saboda rashin hujjar cewa shi ya shirya taron ko ya jawo raunin. Abin lura shi ne mutanen da suka yi murna da ƙara ta farko galibi su ne suka yi tir da ta biyu, waɗanda suka goyi bayan ta biyu kuma su ne suka kira ta farko bi-ta-da-ƙulli, alhali tambayar da ke gaban kotu kusan ɗaya ce: yaushe mai tara jama'a yake ɗaukar alhakin abin da wani a cikin taron ya aikata? Tun 1982 kotun ƙolin Amurka ta ce sai an nuna ya umarta ko ya ingiza ko ya amince da ta'asar, kuma wannan ma'auni ne ya kamata a ɗora wa kowa ba tare da duba jam'iyyarsa ba.

Akwai kuma ƙarar da ake shigarwa a matsayin garkuwa. A Chicago, ɗan sandan da ya harbe wani matashi mai shekara 19 da maƙwabciyar matashin a Disamban 2015 ya mayar da martani ga ƙarar iyalin matashin da tasa ƙarar, yana neman dala miliyan 10 daga abin da mamacin ya bari saboda tashin hankalin da ya ce lamarin ya jefa shi. Bai samu ko sisi ba. Irin wannan ita ce ta fi cancantar a sa mata ido, domin manufarta matsa wa masu neman haƙƙi lamba ce, kuma tana fitowa daga hannun wanda doka ta riga ta ba shi kariya mai kauri idan shi ne ake ƙara.

Idan aka tattara waɗannan shari'o'i aka duba, iyakar da ta fi dacewa da hankali tana tsakanin haɗarin da ya kira jami'in da haɗarin da aka ƙara masa. Gobarar da aka kira shi ya kashe, da rikicin da aka kira shi ya raba, da ruwan da ya ɗiga daga jikin yaron da ake ƙoƙarin farfaɗowa, da duhun da ɓarawo ya ɓuya a ciki, duk suna cikin aikin, kuma wanda ya ɗauke shi aikin ne ya kamata ya biya raunin da suka jawo, biya cikakke wanda ba zai bar shi yana hangen inshorar wani ba. Ganganci, da ɓoye haɗarin da aka sani, da karya dokar da aka yi musamman don kare masu kai ɗauki, waɗannan kuma na mai aikata su ne. Jihohin da suka soke ƙa'idar gaba ɗaya sun magance rashin adalcin da aka yi wa jami'ai ta hanya mafi arha ga baitulmali, wato suka tura su ƙofar masu gidaje maimakon su ƙara abin da gwamnati ke biya. Gyaran da ya rage musu ƙarami ne a rubuce: sakin layi ɗaya da zai ce mutumin da ya nemi agaji, da wanda aka zo ceto, da iyalinsu, ba a bin su diyyar sakaci na yau da kullum a kan abin da ya taso daga wannan gaggawa, sai in an tabbatar da ganganci ko ɓoye haɗari. Kuɗin da wannan zai hana jami'in samu daga kotu kuwa sai majalisa ta nemo shi a kasafin birni ko na jiha, kuma a wannan gaɓa ce 'yan siyasar da ke yabon 'yan sanda a bainar jama'a sukan fara jan ƙafa.